Sabulun Inna a Faransa

Tun da na dawo ban huta ba. In na je suna a Roni, sai a bar mai jego a zagaye ni. In na shiga kasuwar Gwiwa, mai tumatir ma sai ya ce, "Hajiya, yaya Faransa?" Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ranar da na ji ƙanwar maigidana, Talatu, tana ba wasu mata labarin tafiyata a gabana, wai ƙanƙara ta binne ni har ƙugu sai da Turawa suka tono ni. Na ce to, gara in faɗa da bakina tun kafin ta kashe ni a can. Amma in gaya muku tun yanzu, wadda take jiran labarin doguwar hasumiyar ƙarfen nan ta haƙura, ban gan ta ba. Abin da na gani a Faransa bai wuce matakalar bene ɗaya da kicin biyu ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Rabi. Malamar firamare ce ni har na yi ritaya, kuma ina dafa sabulun salo, sana'ar da na gada wurin mahaifiyata, Inna, Allah ya jiƙanta. 'Yata ta fari sunan Inna aka sa mata, shi ya sa ake ce mata Uwani. Kun ga kunya biyu ke nan a kaina, ga ta 'yar fari, ga sunan uwa. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, Uwanin ma sai in ba ta wurin. A gabanta "ke" ce kawai. Ta yi karatun aikin jinya, ta auri Isuhu, mutumin Magarya ta Nijar, aiki ya kai su wani gari a gabashin Faransa da ake kira Strasbourg.

Shirinmu shi ne ta dawo gida ta haihu, in yi mata wankan jego a ɗakina yadda aka yi mini. Sai yaron ya yi gaggawa, ya zo bakwaini. Aka sa shi a kwalba a asibiti, makonni yana ciki. Kullum Isuhu ya kira sai ya ce, "Mama, da sauƙi." Ita ba ta cewa komai, ni ma ba na tambaya, kunya ta hana. Sai in kashe wayar in shiga ɗaki in yi kukana. Da aka sallamo shi, takardun tafiyata kuma suka fito, abu ɗaya ne a raina: in ɗauki yaron nan in ji nauyinsa a hannuna.

Na yi shiri irin na wadda ta san aikinta. Na shanya ganyen darbejiya a inuwa, na sayi jar kanwa, na daka yaji, na ƙulla kuka da daddawa. Sannan na ƙona karan dawa, na tace tokar, na ɗora ruwanta a wuta da mai ina juyawa har kafaɗata ta amsa. Sabulun ya fito baƙi, mai laushi, yadda Inna take so. Na dunƙula shi curi-curi na naɗe a tsohon zane.

Mai babur ya kai ni Kazaure, jaka ɗaya a gabansa, ɗaya a cinyata. Daga nan na shiga bas zuwa Babura, don ta Nijar aka yanko mini tikitin jirgi, kuma surukai suna da saƙo. Ba mu yi nisa ba daddawa ta fara gaishe da mutane. Wani dattijo a bayana ya ce, "Direba, wata ta zo da miya, a tsaya a sayi tuwo." Na juya na ce, "Malam, wanda ya ji ƙamshi kyauta ai godiya ya kamata ya yi." Da raha muka isa Babura, inda wan Isuhu, Malam Habu, yake jirana.

A kan iyaka jami'in Nijar ya sa na buɗe jaka. Fuskarsa a ɗaure har ya kai kan zanen. Ya warware, ya kai curi ɗaya hancinsa, sai fuskarsa ta saki. Ya ce, "Hajiya, da irin wannan kakata take yi mini wanka. Tun rasuwarta ban ƙara jin warinsa ba." Na gutsura masa. Ya sa a aljihun rigar aikinsa, ya ɗauki jakata da kansa har mota.

A Magarya mahaifiyar Isuhu ta tare ni da fura mai sanyi. Ta girme ni sosai, gwiwoyi sun hana ta tashi, ba maganar tafiya. Ta ba ni kilishi in kai wa mai jego. Da zan fita sai ta kama hannuwana biyu ta ce, "'Yar'uwa, amana zan ba ki. In kin isa ki ɗauke shi sau biyu, ɗaya naki, ɗaya nawa." Na ce, "In Allah ya yarda." Ban ga wata wahala a cikin wannan amanar ba.

Mun kwana a Damagaram gidan 'yan'uwansu, washegari muka kama hanyar Yamai. Hanyar nan, jama'a, ba ta ƙarewa. Na canza 'yan kuɗina zuwa sefa na kasa gane kansu, sai dai in buɗe tafi mai shayi ya ɗauki nasa, kuma ba wanda ya cuce ni. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawon ya ƙi haƙorana sai da na jiƙa. A wani zango na tsaya gyara ɗaurin zane bayan salla, na ɗago sai na ga motar tana tafiya, Malam Habu yana dukan ƙofa yana ihu, "Surukarmu! Kun bar surukarmu!" Ranar na gane ashe har yanzu ina iya gudu.

Jirgi ba baƙona ba ne, na je Makka. Amma can da ayari aka je, nan kuwa ni kaɗai ce da Turancina na firamare. Da muka sauka Faransa, wani kare ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Aka kai ni gefe. Kilishin suka fara ɗaukewa, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Na yi roƙo, na ce na mai jego ne, ina! Sai suka kai kan kanwa, na gutsura na lasa a gabansu. Sai sabulu. Mutum uku suka kewaye shi suna magana ƙasa-ƙasa, na ga alamar sun ɗauka wani mugun abu ne. Na ce a ba ni ruwa. Wata jami'a ta kai ni bakin famfo, na murza, kumfa ya tashi. Ta miƙo nata hannun, ta murza, ta sansana, ta yi dariya ta kira sauran. Aka mayar mini da sabuluna, kilishin dai ban ƙara ganinsa ba.

Isuhu ya tare ni da wata ƙatuwar riga, muka shiga jirgin ƙasa. Sanyin ƙasar nan ba a fata yake tsayawa ba, ƙashi yake nema. Mutanen kuma kowa da kansa yake, na yi ta gaishe su suna kallona, har Isuhu ya ce, "Mama, a nan ba a gaida wanda ba a sani ba." Na ce, "To ta yaya za a san shi?"

Gidansu a hawa na uku yake. Uwani ta buɗe ƙofa, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta rame, idanunta sun faɗa. Zuciyata ta karye, amma abin da bakina ya iya shi ne, "Ke, kin tashi lafiya?" Yaron yana barci a ƙuryar ɗaki, don haka na yi alwala na rama sallolina. Ina sallamewa na ji wani ɗan siririn kuka. Na miƙe da alwalata, na nufi gadon.

Sai ta sha gabana. Ta ce, "Mama, don Allah ki wanke hannu da sabulu tukuna."

Na ce, "Yanzun nan na yi alwala."

"Na sani, Mama. Da sabulu." Ta nuna mini wata kwalba mai famfo a kicin.

Isuhu ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na janye hannuwana. Na ƙetare ƙasashe, an bi ni da kare, in zo 'yar da na haifa ta tare ni a bakin gado. A raina na ce, ni ce ƙazama ke nan? Ni da nake dafa sabulu tun ba a haife ta ba? A fili kuwa na ce, "A bar shi ya yi barcinsa." Na koma kan sallaya na zauna.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya ban ɗauke shi ba. Na fake da kunya, wai jikan fari ne, alhali kowa ya san kaka ba ta kunyar jika. In sun shiga wanka ko kicin sai in tsaya a bakin ƙofa in leƙa shi. Ɗan mitsitsi ne, yatsunsa kamar tsinken ashana, in yana numfashi duk ƙirjin motsi yake. Ina son sa har cikin raina, amma girman kai ya ɗaure mini hannu. Mahaifiyar Isuhu ta kira ta ce, "Kin ɗaukar mini shi?" Na ce, "Yana nan lafiya lau," na miƙa wa Isuhu wayar.

Sauran kayan ma ɗaya bayan ɗaya suka faɗi. Na dama kunun kanwa, ta ce, "Mama, kanwa da yawa tana kumbura zuciyar mai jego, mun sha gani a asibiti." Na tafasa ruwan wanka, ta ce sai an surka. Na ji kamar duk abin da na iya a duniya an ƙwace shi tare da kilishi. Da ƙyar muka daidaita a kan wanka da ganye, ruwa mai ɗumi. Babu tsakar gida, babu babbar tukunya, sai wani farin kwami a banɗaki. A ciki nake fyaɗa mata ganyen. Abin da ban sani ba shi ne ganyen yana taruwa a bututu. Wata safiya ruwa ya ƙi wucewa, ya cika, ya malale ƙasa.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata 'yar tsohuwar Baturiya ce, kanta ɗaure da ɗankwali, riƙe da kwano mai koren ruwa. Ita ce a ƙasanmu, ruwan wankan jegona yana ɗiga a kicin ɗinta. Isuhu ya yi ta ba da haƙuri da Faransanci. Ita kuwa tambaya take, wane ruwa ne wannan mai ɗaci haka? Ya yi mata bayanin al'adar. Ta dube ni ta ce da Turanci, a hankali yadda zan gane, "'Yarki ta yi sa'a. Ni lokacin da na haihu ba ni da uwa." Ta ce sunanta Sara, in sauko ranar Juma'a da rana in ci burodi.

Da ta tafi Isuhu ya ce, "Mama, Bayahudiya ce fa, amma mutuniyar kirki." Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye muku ba. Ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba, abin da na sani na rediyo ne da na bakin mutane, kuma kun san ba mai daɗi ba ne. Amma ni na jiƙa mata kicin, dole in je ban haƙuri. Na ɗauki curin sabulu na sauka.

Saratu nake ce mata, ita kuma ta ce mini Rabi. Turancinta na tsufa ne, nawa na firamare, inda suka gaza mu cika da hannu. Kicin ɗinta ya ba ni mamaki. Tukwanen nama daban, na madara daban, har cokula ba sa haɗuwa. Ba sa cin alade, kuma ba sa cin nama sai yankansu. Ta ce daga faɗuwar ranar Juma'a har zuwa ta Asabar ba ta girki, ko makunnin lantarki ba ta taɓawa, shi ya sa take gama komai da wuri. Ta gasa burodi mai kitso, irin kitson da muke yi wa 'yan mata, da wani ƙarami na ɗanɗano.

Kafin mu ci sai ta je famfo ta wanke hannu da sabulu, ta cuɗa sosai har tsakanin yatsu, ta ɗauraye. Na ɗauka an gama. Sai ta ɗauko wani kofi mai mariƙi biyu, ta cika shi, ta zuba a hannun dama, ta sauya mariƙi ta zuba a hagu, tana motsa baki. Na ce, "Kai, Saratu, wannan ai alwala ce!" Ba ta amsa ba. Na sake magana, ta ɗora yatsa a leɓe. Na ce shi ke nan, na yi wani laifin. Sai da ta gutsuri burodi ta haɗiye sannan ta yi dariya, ta ce a wurinsu tsakanin wankin nan da lomar farko ba a magana.

Na tambaye ta, to me ya sa wanki biyu? Ɗaya bai isa ba?

Ta ce, "Kofin na Allah ne. Sabulun na jikokina ne, anjima za su zo."

Na ƙara gutsurar burodi ina juya maganar a raina. Ita ta ci gaba. Ta ce a kan wankin hannun nan akwai labarin da ake bayarwa game da mutanensu. Shekaru ɗaruruwa da suka wuce wata annoba ta shiga ƙasashen Turai tana share gari bayan gari, ba wanda ya san daga ina take. Sai aka ce Yahudawa ne suka zuba guba a rijiyoyi. Ta nuna taga ta ce, "A garin nan aka tara su aka ƙone, maza da mata. Annobar ma ba ta riga ta iso nan ba, labarinta kawai aka ji." Ta ce har yau akwai titin da ake kira Titin Yahudawa, tana bi ta nan in za ta kasuwa.

Na ce, "Innalillahi. Me ya sa su?"

Ta ce, "Wasu masu son mu suna cewa don muna wanke hannu ne ba mu mutu da yawa ba, shi ya jawo zargi. Mahaifina bai yarda ba. Yakan ce ruwan kofi ba ya korar annoba, mu ma mun mutu kamar kowa, ba a dai ƙirga namu ba ne. Mutane in tsoro ya kama su, sai su nemi wanda bai yi kama da su ba."

Ban san lokacin da na fara ba ta labarin Inna ba. Ban taɓa ba kowa shi ba, ko maigidana gutsure ya sani. Ina ƙarama, shanunmu sun ragu, mahaifina ya bar yawo muka zauna a gefen wani ƙauye kusa da Gwiwa. Mu ne baƙi, Fulanin da Hausarsu ba ta nuna ba. Sai aka yi shekarar amai da gudawa. Inna ba ta yi boko ba, amma ta ajiye ƙwarya da ruwa da gutsuren sabulu a bakin danga, ta ce duk wanda ya fito daga gidan mara lafiya ko wurin gawa ba zai taɓa 'ya'yanta ko kwanonta ba sai ya wanke hannu. Kafin a jima magana ta zaga gari, wai me ya sa ake ta mutuwa ban da gidan Bafulatana? Aka ce ta sa wani abu a rijiya. Aka hana ta ɗiban ruwa, sai ta yi doguwar tafiya da tulu. Mata suka daina sayen sabulunta. Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba mu yi rashi ba, ƙanena Sani a shekarar ya tafi. Masu zuwa ta'aziyya ba su cika tabarma ɗaya ba. Duk da haka Inna ba ta ɗauke ƙwaryar nan ba.

Saratu ta ce, "Ta yaya abin ya fara?"

Na ce wata maƙwabciya ce ta zo ganin Sani, Inna ta sha gabanta ta nuna mata ƙwaryar. Matar ta ja da baya ta ce, "Mu ne ƙazamai ke nan?"

Ina faɗar maganar nan na ji ta da muryata. Na ajiye burodin. Shekara da shekaru ina jin haushin matar nan, ashe ni ce zan hau jirgi in zo in maimaita maganarta a gaban mai sunan Inna. Hawaye suka zubo mini. Saratu ta riƙe hannuna har na natsu. Na ce mata ina da aiki a sama.

Na tarar da Uwani a kicin tana wanke kwanuka. Na tsaya a gefenta ina kallon bango na ce, "Wai shi sabulun nan, me yake yi wanda ruwa ba ya yi?"

Ta dube ni, ta ga da gaske nake. Ta ɗauko farantin da aka ci miya, ta tara shi a famfo. Ruwa ya bi ta kai ya wuce, maiƙon yana nan. Ta ce, "Mama, ƙwayar cutar mura da 'yan'uwanta ido ba ya ganinsu, amma da yawansu rigar maiƙo ce a jikinsu, da ita suke rayuwa. Ruwa kaɗai haka yake bi ta kansu. Shi kuwa sabulu, kowane ɗan ƙwayarsa baki biyu gare shi, ɗaya yana kama mai, ɗaya yana kama ruwa. In kin cuɗa, sai ya shiga rigar nan ya yayyaga ta, ruwa ya kwashe tarkacen. Amma sai an ba shi lokaci, kamar tsawon karanta Fatiha a natse."

Na ce, "Shekarun nan duk ina dafa shi, ashe yaƙi nake haɗawa ban sani ba. To nawa fa? Ko sai naku na kwalba?"

Ta ce, "Sabulu sabulu ne, Mama. Na Inna ma zai yi."

Sai ta ajiye farantin. Ta ce, "Likita ya ce murar da za ki yi kwana biyu ki warke, shi za ta iya mayar da shi asibiti. Lokacin da yake kwalba, ni da na haife shi sai na wanke har gwiwar hannu kafin a bar ni in zura yatsa ɗaya in taɓa ƙafarsa. Kullum in na tafi gida ban san ko zan dawo in same shi ba. Ban ce kina da datti ba, Mama. Tsoro nake ji. Na yi ta jiran ki zo ki karɓe shi ko na yi barci."

Na je na warware tsohon zanen, na ɗauko sabulun Inna, na naɗe hannun riga. Na cuɗa tafi da baya, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, har gwiwar hannu, ban yi gaggawa ba. Warin toka da mai ya cika kicin ɗin, kamar ina tsakar gidanmu. Ta miƙo mini tawul, ta shiga ta ɗauko shi, ta ɗora mini a hannu.

Jama'a, bai kai mudun gero nauyi ba. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, ya yamutsa fuska. Na ce, "Au, angon nawa, haka za ka tare ni? Na baro mijina a Gwiwa saboda kai, ko lefe ba ka yi mini ba, kana harara ta?" Ya kama yatsana ya riƙe gam. Na daɗe a haka. Sannan na mayar da shi gado, na sake sa hannu na ɗauke shi. Uwani ta ce, "Mama, lafiya?" Na ce, "Wancan nawa ne. Wannan na kakarsa ta Magarya. A kira mini ita." Da na waiga bayan an gama wayar, Uwani ta kife a kan kujera tana barci, ko mayafi ba ta ja ba.

Sauran zamana ya yi daɗi. Ni ce wanka, ni ce goyo, ganye kuma a tukunya nake tace shi kafin ya kai kwami. Na yi wa Saratu tuwo da miyar kuka ba nama, a tukunyarta don kada in karya mata doka. Ta ci, ta ce da daɗi, amma na ga yadda take kallon daddawa. Ta hau sama ganin yaron, ba wanda ya ce mata komai ta wuce kicin ta wanke hannu da baƙin sabuluna. Ranar da zan taho ta ba ni wani kofinta mai mariƙi biyu, ni kuma na bar mata sauran curin da ya rage. Shi ne kofin da kuke gani a zaurena kusa da sabulu, kuna tambaya me ya sa hannunsa biyu. Duk wadda na ce ta wanke hannu kafin ta taɓa jariri a gidana ta ji haushi, ba na ganin laifinta, na san yadda abin yake a ƙirji. Amma sai ta wanke.

Isuhu ne zai raka ni filin jirgi, ita ba za ta fita da yaro cikin sanyi ba. Muka yi sallama a bakin ƙofa yadda muka saba, ta durƙusa, na ce, "Ke, a kula da shi." Na sauka hawa ɗaya. Na ɗaga kai sai na gan ta tsaye a bakin ƙofar, yaron a kafaɗa, ta tare hanya da jikinta don iska kada ta shiga. Tsayuwar na sani, na gan ta a bakin danga ina ƙarama.

Na ajiye jaka na koma sama. Ban damu da Isuhu yana ji ba. Na dafa kanta na ce, "Hadizatu, Allah ya yi miki albarka. Kin yi daidai."